Ruwa Bai Ci Makinsu Ba: Martani Kan Ɗaliban Bakin Kainji

Na karanta maƙalar da wani malami ya rubuta yana sukar kiran da ake yi wa jami'o'inmu na su yi wa ɗaliban da ambaliya ta raba da gidajensu tanadi na musamman. Ƙasar Yawuri ya ɗauka misali, wato ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, kuma da yake can ne na fi sani, kawar da kai ba zai yiwu ba. Malamin ba jahili ba ne, ban kuma ga alamar mugun nufi a rubutunsa ba. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa dole a amsa masa, domin irin wannan ra'ayi idan ya fito daga bakin mai hankali ya fi saurin samun gindin zama a ofisoshi.

Ga abin da ya faɗa, gwargwadon fahimtata. Jami'a ba sansanin 'yan gudun hijira ba ce, ma'auninta guda ne, cancanta, kuma duk gurbin da aka ba wani saboda tausayi to an ƙwace shi ne daga hannun wani yaron da ya fi shi maki, wanda laifinsa kawai ruwa bai shiga gidansu ba. Agaji aikin hukumar NEMA ne da takwararta ta jiha. Masu kafa hujja da abin da jami'o'in Amurka suka yi bayan guguwar Katrina sun manta cewa a can jami'o'in ne da kansu ruwa ya ci, a nan kuwa babu jami'ar da ta nutse a bakin tafki. Ya ƙara da cewa ambaliyar bakin Kainji ba ba-zata ba ce, kusan kowace damina tana zuwa, an sha yi wa mutane gargaɗi sun ƙi tashi. Daga ƙarshe ya ce ranar da aka buɗe wannan ƙofa, 'ya'yan masu hali ne za su fara sayen takardar shaidar cewa ambaliya ta shafe su.

Hujjoji ne masu kama da gaskiya, na ƙarshen ma akwai ƙamshinta sosai. Amma Malam ya gina gaba ɗayan maganarsa a kan wata buƙata da ban ji wanda ya gabatar ba. Wa ya ce a ƙara wa ɗan Zamare maki hamsin a jarrabawar JAMB don an kwana a kan kwale-kwale a gidansu? Wa ya ce a ba 'yar Libata gurbin karatun likita alhali ba ta ci kimiyyar halittu ba? Ɗalibin da muke magana a kansa ya riga ya ci jarrabawarsa kafin ruwa ya zo. Duba kalanda, Malam. Ana rubuta JAMB wajen watan Afrilu zuwa Mayu, WAEC ta biyo baya, NECO ta rufe a tsakiyar damina. Babbar ambaliya kuwa daga Agusta zuwa Oktoba take zuwa, daidai lokacin da jami'o'i da yawa ke tantance ɗalibai, suna fitar da sunaye, suna ba da wa'adin 'yan makonni a karɓi gurbi a biya kuɗin rajista. Ruwa bai ci makin yaron ba. Abin da ya ci shi ne takardunsa, da kuɗin da za a biya masa, da makonnin nan da aka ba shi.

Wanda bai taɓa ganin yadda takarda ke komawa bayan ta kwana biyu a ruwa ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A yawancin gidajen bakin ruwa takardun yara a adaka suke, an naɗe su a leda, an sa a ƙarƙashin kayan uwar ɗaki. Idan ruwa ya shigo da tsakar dare, abin da ake fara ɗauka shi ne jarirai da tsofaffi, sai awaki in an samu hali. Bayan ruwa ya janye a buɗe adakar, a tarar leda ta yi aikin da ba a sa ta ba, ta riƙe ruwan a ciki. Takardar haihuwa ta manne da ta firamare, hoton da ke jikin sakamakon jarrabawa ya ɓare, hatimin ƙaramar hukuma ya zama shuɗin tabo. Za ka ga an shanya su a kan zana kusa da ragowar shinkafar da aka tsamo, an danne da tsakuwa. Daga nan tafiya ta fara: rahoton 'yan sanda, takardar rantsuwa a kotu, sabuwar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, sannan neman tabbacin sakamako daga hukumar jarrabawa. Kowane mataki da kuɗinsa da kuɗin motarsa. Wanda ke tsallaken ruwa sai ya fara biyan jirgi zuwa Yelwa ko Wara kafin ya hau hanyar Koko da Jega, in hanyar ba ta yanke ba. Kafin ya gama wannan zirga-zirga an rufe shafin rajista a intanet, wanda dama bai da wayar da zai duba, don ita ma ta sha ruwa. Gurbinsa ya koma hannun wanda ke bin sa a maki. Idan Malam da gaske cancanta yake karewa, to ga inda ake yi mata kisan gilla: mai maki 240 ya zauna a gida, mai 200 ya shiga aji, don ɗaya gidansu a tudu yake.

Batun kuɗi ya fi wannan sauƙin fahimta. Manomin fadama ba albashi yake jira ba. Kuɗin makarantar ɗansa yana tsaye ne a gona, kore shar, yana jiran girbi. A shekarar 2020, rahotanni sun ce ambaliya ta shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar Kebbi, ana dab da yanka. Da yawa daga manoman nan da bashin taki da iri suka yi noman. Ka ce wa irin wannan uba ya kawo kuɗin rajista cikin mako biyu ko ɗansa ya rasa gurbi, sannan ka kira abin adalci? Na san za a ce ai yanzu akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024. Alheri ne, ban raina shi ba. Sai dai shi ma yana buƙatar takardar shiga makaranta da lambar ɗan ƙasa da ta banki, kuma ba rana ɗaya yake fitowa ba. Ai wannan ma hujja ce a hannunmu: tunda akwai inda kuɗin zai fito daga baya, me zai hana jami'a ta yi wa yaro rajista ta jira?

Kuma ina so in tambayi Malam, yaushe ne cancanta ta zama ma'auni guda tilo a jami'o'in Nijeriya? Tsarin da jami'o'in tarayya ke bi sananne ne: kashi 45 cikin ɗari na gurabe don cancanta zalla, kashi 35 don jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 don jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Kebbi na cikinsu. Wato fiye da rabin gurabe ana raba su ne da la'akari da inda aka haifi mutum. Ban ga Malam ya ɗaga alƙalami a kan wannan ba, kuma na fahimci dalili, domin mu duka 'yan Arewa mun ci moriyarsa. Ƙasa ta yarda cewa yaron da ya tashi inda makarantu suka yi ƙaranci bai fara tsere daga layi ɗaya da ɗan Legas ba. To me ya sa wannan hankalin yake ƙarewa a kan iyakar jiha? Kason da aka ware wa Kebbi, wa ke cin mafi yawansa? Ɗan ma'aikaci a Birnin Kebbi da ke da malamin darasi da kwamfuta a ɗaki, ko ɗan masunci a Utono da ya fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawa? Idan rangwame ya amfani 'ya'yanmu na birni sunansa daidaita al'umma, idan ya gangaro bakin ruwa sai ya koma tauye haƙƙi.

Maganar NEMA ba za ta ɗauke ni lokaci ba. NEMA na kawo shinkafa da tabarma da kwanon rufi. Ba ta da ikon tsawaita wa'adin rajista a jami'ar Aliero, ba ta da ikon ajiye wa ɗalibi gurbi a jami'ar Zuru. Majalisar malaman jami'a ce kaɗai ke da wannan iko, kuma shi kaɗai muke roƙo.

A kan Katrina, Malam ya faɗi gaskiya rabi. Haka ne, a watan Agustan 2005 ruwa ya mamaye birnin New Orleans, jami'o'i irin su Tulane da Xavier da Dillard suka rufe zangon karatu gaba ɗaya, sauran jami'o'in ƙasar suka karɓi ɗalibansu a matsayin baƙi, wasu ma ba tare da takardu a hannu ba, da alkawarin za a kawo daga baya. Amma waɗanda suka buɗe ƙofar ba gini suke ceto ba. Sun lura cewa ɗalibin da ya rasa zango ɗaya a cikin ruɗani ba lallai ya dawo ba. Wannan haɗarin ya ninka a wurinmu. Saurayin da ya rasa gurbi bana, baɗi ka same shi yana acaɓa a Kontagora ko ya bi masu haƙar zinari. Budurwa kuwa, kowa ya san abin da ke biyo baya idan gida ya rushe, abinci ya yi ƙaranci, ga kuma mai neman aure a ƙofa.

Ba ma sai mun je Amurka ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, an kwaso ɗalibanmu, akasarinsu 'yan Arewa, kuma hukumar JAMB ta fitar da hanyar da jami'o'in gida za su bi su karɓe su. Kafin nan an yi irin wannan ƙoƙari ga waɗanda suka baro Yukren. Abu ne mai kyau, na yaba a lokacin, ina kuma yabawa yanzu. Amma ban ji wanda ya ce jami'a ba sansanin 'yan gudun hijira ba ce a wancan lokaci. Waɗanda suka dawo daga Khartum suna da iyaye masu murya, suna da wanda zai tarbe su a filin jirgin Abuja da kyamara. Ashe tsari yana iya lanƙwasawa idan ya ga dama. Haka da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya ci Maiduguri, Jami'ar Maiduguri ta dakatar da karatu don ta san malamai da ɗalibai ba za su iya zuwa ba. Ruwa ya ci babban birni, kalanda ta tsaya. Ruwa ya ci ƙauyuka a Shanga, kalanda ta ci gaba da gudu kamar babu abin da ya faru.

Inda na fi jin zafin maƙalar shi ne inda Malam ya ce mutanen sun ƙi tashi. Waɗannan mutanen? Malam, ai an taɓa tashinsu. Tsakanin 1964 da 1968 aka gina madatsar Kainji, kuma kafin tafkin ya cika sai da aka kwashe mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyukansu. Tsohuwar Bussa ta nutse ɗungurungum. Gungawa, waɗanda suka shekara aru-aru a tsibiran kogin Kwara suna noman albasar da ta yi suna har Kudu, an ɗebo su zuwa gidajen siminti da gwamnati ta tsara musu a bakin gaɓa. Da Kambari da Lopawa da Sarkawa masunta, kowa ya ɗanɗana. Ba su zaɓi inda aka ajiye su ba. Ƙasa ce ta ce tana buƙatar lantarki, suka tattara nasu ya nasu suka ba ta wuri. Wutar ta bi manyan wayoyi ta tafi birane, har ƙasar Nijar ta samu, alhali ƙauyuka da dama a bakin tafkin har yau fitilar hannu suke kunnawa. Jikokin waɗannan mutane ne ake cewa yau sun cika taurin kai.

Kuma su tashi su koma ina? Masunci ya koma tudu ya kama me? Tudun ma na wani ne, da gonarsa da iyakarsa. Rayuwar bakin tafki ta dogara ne da hawa da saukar ruwa. Kogin Kwara sau biyu yake kawo ruwa a shekara: na farko mai laka, na daminarmu, na biyu kuma wanda ya taso daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana yawo a fadamun Mali, sai cikin hunturu yake isowa. Idan tafki ya ja baya, manoma su bi laimar su shuka, idan ya dawo su ja da baya. Haka ake yi tun da aka yi tafkin. Amma yawan ruwan da za a tara da lokacin da za a sake shi ba a hannun mai gona yake ba, a hannun masu tafiyar da madatsar yake, kuma su da lissafin lantarki da lafiyar madatsa suke aiki. Saboda haka kiran wannan ambaliya bala'in da ya faɗo daga sama kawai bai cika gaskiya ba. Ruwan sama na Allah ne, ba mai ja. Tafkin kuwa gwamnati ce ta yi shi. Ita kanta ta amsa cewa akwai bashi a kanta, tunda ta yi dokar kafa hukumar HYPPADEC a 2010 don raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, ko da yake sai da aka shafe kusan shekara goma kafin hukumar ta fara aiki.

Cewa abin yana faruwa kusan kowace shekara ba hujjar Malam ba ce, tawa ce. Abin da ya zo ba-zata ana iya yi wa hukuma uzuri idan ya same ta ba shiri. Abin da aka gani a 2012, aka sake gani a 2020, aka kuma gani a 2022 lokacin da ya raba mutane fiye da miliyan guda da muhallinsu a faɗin ƙasa, wane uzuri ya rage? Jami'ar da ke da sashen nazarin ƙasa da yanayi, wadda malamanta ke rubuta takardun bincike a kan ambaliyar kogin Kwara suna samun ƙarin girma da su, ita ce za ta ce ba ta san Satumba na zuwa ba?

Kada kuma a manta irin yankin da ake magana a kai. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara da mutane fiye da ɗari. Bayan makonni uku, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Uban da ya ga wannan da idonsa, amma ya ci gaba da tura 'yarsa makaranta har ta kai ga cin JAMB, ba shi ne za a koya wa darajar ilimi ba.

Saura maganar maguɗi, kuma a nan ba zan yi wa Malam gardamar banza ba. Za a yi ƙoƙarin yi. A ƙasar da ake sayen takardar zama ɗan jiha, za a nemi sayen ta ambaliya. Amma a lura da abin da mai maguɗin zai samu. Ba maki za a ƙara masa ba, ba gurbin wani za a ba shi ba. Abin da zai samu shi ne ƙarin makonni kafin ya biya kuɗin da dama yana da su. Ɗan mai hali ba zai ɓata takalminsa a kan wannan ba. Gane wanda ruwa ya ci kuma ba abu ne mai wuya ba a ƙasar da ke da masu unguwanni da dagatai da hakimai. Ambaliya ba zazzaɓi ba ce da mutum zai yi ƙaryarsa a ɗaki, ƙauye guda take ci a idon kowa, hukumar agaji ta jiha na rubuta sunayen garuruwan, shugaban makarantar sakandare ya san ɗalibansa. Masarautar ma ta yi dace, domin Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ne, ya san ciki da wajen rajistar jami'a fiye da ni da Malam. Idan kuwa tsoron maguɗi ya isa dalilin hana abu, to sai mu fara da soke jarrabawar kanta.

Matsayina bai sauya ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Jami'ar Noma ta Zuru, da ta Danfodiyo da ta daɗe tana ɗaukar 'ya'yan wannan yanki, su rubuta a dokokinsu cewa duk ɗalibin da ya samu gurbi da guminsa, kuma aka tabbatar garinsu na cikin waɗanda ambaliya ta ci a wannan shekara, za a riƙe masa gurbin har zango mai zuwa. A yi masa rajista da lambar jarrabawarsa, tunda sakamakon yana nan a kwamfutar JAMB da WAEC da NECO, ruwa bai kai can ba, takarda ta biyo baya. A raba masa kuɗin makaranta kashi-kashi zuwa bayan girbin rani. Wanda ya riga ya shiga, ruwa ya tare shi a gida lokacin jarrabawa, a ba shi damar rubutawa ba tare da an lissafa masa faɗuwa ba. Ɗakin kwana a fara da shi, don ba shi da kuɗin haya a gari. Kwalejin share fagen shiga jami'a da ke Yelwa tana iya zama wurin da za a riƙa karɓar sunaye da tantancewa, a rage wa yara doguwar tafiya. Kuɗin sabunta takardu da na mota kuwa, HYPPADEC da ke raba rigunan kariya daga nutsewa ba za ta gaza ɗaukar wannan ba, ai don irin waɗannan garuruwa aka kafa ta.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabon gini ko dokar majalisar tarayya, kuma babu wanda zai rage wa yaron tudu maki ko guda. Zama ɗaya na majalisar malaman kowace jami'a ya isa a zartar da su, in dai an yi zaman kafin watan Agusta.